Yadda Aka Koya wa Na'urori Zaman Maƙwabtaka

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga Bakori da Ɗanja har Ɗandume da Faskari, da wuya a sami gidan manomi wanda ba a taɓa rataye akwatin rediyo a cikinsa ba. Duk wanda kuwa ya daɗe da akwatin nan ya san ba muryar mai labarai kaɗai ke fita daga cikinsa ba. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas, sai a ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen kara. In babur ya wuce ta ƙofar gida, sai a ji tat-tat-tat, ta ƙaru da gudunsa, ta tafi da tafiyarsa. Daga baya kuma aka sami ta uku, wani shuuu wanda ba ya yankewa, ya kan tashi da zarar an kunna wani ƙwan lantarki ko an sa waya caji, ya danne magana ɗungum.

Galibin mutane su kan ɗora laifin a kan akwatin, ko su ce batir ne ya yi sanyi. Amma ƙarar nan iri uku kowace da asalinta da zamaninta. Ta fari ta girmi rediyo nesa ba kusa ba, ta biyu ta zo da injuna, ta uku ta zo da ƙananan na'urori. Tarihinsu shi ne tarihin wani fanni na ilmin ƙira wanda aikinsa ke nan, a shirya kowace na'ura yadda ba za ta dami maƙwabciyarta ba, ita ma kuma ba za ta rikice sabo da ɗan motsin maƙwabta ba. Cutar ita ce katsalandan na lantarki, lafiyar kuwa ita ce jituwar na'urori.

Asalin Ƙara

Wutar lantarki in tana tafiya a natse cikin waya ba ta damun kowa. Amma in ta tashi farat ɗaya, ko ta tsaya cak, ko ta tsallake wani giɓi ta yi tartsatsi, sai ta watsa wata irin igiya cikin sarari, kamar yadda dutse ke ta da igiyar ruwa in an jefa shi a kududdufi. Wani masani mutumin Sikotlan, James Clerk Maxwell, shi ya gano haka ta hanyar lissafi cikin 1865. Cikin 1887 da 1888 wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya tabbatar da shi a ɗakin gwaji. Ya sa wuta ta yi tartsatsi tsakanin 'yan ƙwallayen tagulla biyu, sai ga wani ɗan tartsatsi ya bayyana a giɓin wani zoben waya can gefe guda, ba kuwa abin da ya haɗa su.

Daga gwajin nan abu biyu suka fito, ɗaya alheri, ɗaya wahala. Alherin shi ne ana iya aika saƙo ba tare da waya ba. Wahalar kuwa, ashe duk abin da ke tartsatsi gidan rediyo ne, ko mai shi ya sani ko bai sani ba, kowane guntun waya kuma eriya ne. Walƙiya tartsatsi ce mai girman gaske, shi ya sa akwati ke jin hadarin da ke can wata ƙasa tun ido bai ga gajimare ba.

Katsalandan ba ya aukuwa sai abu uku sun haɗu: mai ta da ƙara, da hanyar da za ta bi, da na'urar da za ta ji. Hanyar kuma iri biyu ce, ko ta cikin waya, ko ta cikin iska. Manomi ya san irin wannan. Ba a ɓarna a lambu sai akwai akuya, akwai ɓaraka a shinge, akwai kuma shuka kusa da ɓarakar. In an ɗaure akuyar, ko an toshe ɓarakar, ko an matsar da shukar, magana ta ƙare. Dukan dabarun da aka ƙago cikin shekara ɗari da wani abu ba su wuce ukun nan ba.

Zamanin Waya

Wahalar ta riga rediyo zuwa. Wayar tangaraho ta farko tilo ce a kan turaku, wutar kuma ta cikin ƙasa ta ke komowa. Da Alexander Graham Bell ya ƙago tarho cikin 1876, aka ja wayoyinsa haka nan. To, kunnen tarho ya fi na tangaraho ji ƙwarai, sai mutum ya riƙa jin ƙwanƙwasar tangaraho, da hirar waɗansu mutane dabam, da gurnanin motocin lantarki masu bin dogo a titunan birane. Cikin 1881 Bell ya yi rajistar maganin abin, watau a ja waya biyu maimakon ɗaya, a kuma tufke su kamar igiyar rama. Hikimar tufkar ita ce, kowane sili ya kan zo kusa da mai ƙara sa'an nan ya yi nisa, bi da bi, har su kwashi ƙara daidai wa daida, tarho kuwa bambancin da ke tsakanin silin biyu kaɗai ya ke ji, sai ƙarar ta kashe kanta. Cikin 1892 Jamus ta sa maganar cikin dokar tangaraho, ta hukunta yadda za a yi in wata wayar lantarki ta dami wata.

Wayoyin nan sun iso ƙasar Hausa tare da mulkin Turawa, suka kuma bi gefen dogo. Jirgin ƙasa ya fara isa Kano cikin 1911. Cikin 1929 aka gama reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda. Auduga ce ta ɗaukaka Funtuwa. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza a can, ya kafa wani a Malumfashi, aka kuma yi gonar yaɗa iri a Daudawa. Jirgin da ke kwashe dilolin auduga ba ya barin tasha sai an yi magana da ta gaba ta waya, sabo da haka tsabtar magana a cikin waya ba abin wasa ba ne ga ma'aikatan dogo. Tufkar nan ta Bell har yau ba a sami abin da ya ture ta ba. Wanda ya feɗe wayar da a ke haɗa kwamfuta da intanet zai tarar da sili takwas, an tufke su biyu biyu.

Wayar Iska

Guglielmo Marconi, mutumin Italiya, ya ɗauki tartsatsin Hertz ya mai da shi wayar iska cikin 1895 da 1896. Aibin tartsatsi shi ne ba ya tsayawa wuri guda, sai ya bazu ya cika sarari, kamar kasuwar da kowa ke ihu a lokaci ɗaya. Cikin 1900 Marconi ya yi rajistar wata dabara mai lamba 7777, ta daidaita mai aikawa da mai karɓa a kan zango ɗaya. Ta rage, amma ba ta warkar ba.

Daren 14 ga Afrilu, 1912, duniya ta ga abin da cunkoso ke jawowa. Wani jirgin ruwa mai suna Californian ya tsaya cik a tekun Atlantika, ƙanƙara ta kewaye shi. Ma'aikacin wayarsa ya buga don ya sanar da Titanic, wanda ke kusa. Ma'aikacin Titanic kuwa yana fama da saƙonnin fasinja zuwa wata tasha mai nisa, ƙarar na kusa ta cika masa kunne, sai ya ce masa ya yi shiru. Ba a yi sa'a guda ba Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara, mutum fiye da 1,500 suka halaka.

Tun cikin 1906 ƙasashe suka taru a Balin don su shirya ƙa'idodin wayar iska. Suka sake taruwa a Landan cikin 1912, da Washinton cikin 1927, inda aka raba zanguna, aka ba jiragen ruwa nasu, gidajen rediyo nasu, aka kuma yanke shawara a bar aiki da injin tartsatsi sannu a hankali. Wannan kamar yanka iyakar gona ne. Amma iyaka ba ta hana akuya, gama fanka da injin ɗinki da motar lantarki ba su san an raba kome ba. Da gidajen rediyo suka yawaita a Turai bayan 1920, sai ƙorafin masu saurare ya yi yawa. Cikin 1933 masana suka taru a Faris, suka shirya kafa wani kwamiti na ƙasashen duniya, wanda a ke kira CISPR, ya yi zamansa na farko cikin 1934. Abin da ya fara sa wa gaba shi ne awo. Kamar yadda ba a ciniki a fulotin auduga sai an yarda da sikeli ɗaya, haka ba a iya ce wa maƙeri ƙarar injinsa ta yi yawa sai an yarda da ma'auni ɗaya da iyaka ɗaya.

Rediyo Ya Iso Arewa

Rediyon da mutanen Nijeriya suka fara sani na waya ne. Cikin 1935 aka buɗe shi a Ikko, watau Legas, cikin 1944 kuma a Kano. Babban akwati ɗaya ke kamo shirye-shirye, sa'an nan a rarraba su ta waya zuwa lasifikokin da aka kakkafa a gidaje da dandali. Cikin 1951 aka kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya. Ran 13 ga Maris, 1957, BBC ta fara magana da Hausa daga Landan. Cikin Maris 1962, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna.

Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne taransista, wadda aka ƙago a Amurka cikin 1947, aka fara sayar da akwatinta cikin 1954. Akwatin da ke aiki da batirin tocila ba ya bukatar wutar gari, ana iya rataya shi a reshen ɗorawa a yi noma ana saurare. Rediyon Kaduna ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye a kan kilohaz 594 a matsakaicin zango daga turakunsa na Jaji, da 6090 da 4770 a gajeren zango. Kilohaz ɗaya kuwa shi ne kaɗawa dubu cikin sakan guda. Zango na ƙarshen nan yana cikin waɗanda aka keɓe wa ƙasashe masu zafi, gama tsawa ta fi yawa a cikinsu, ƙararta kuma ta fi ɓata ƙananan zanguna.

A lokacin nan sararin ƙauyukan kudancin Katsina shiru ya ke, ban da walƙiya. Ba turken lantarki, ba janareta, babur ma jefi-jefi. Ƙaramin akwati ya kan kamo Landan tas da dare. Da haka rediyo ya zama malamin gona na biyu. Masu binciken aikin gona a Samaru sun kafa sashen kai ilmi ga manoma cikin 1963, rediyo kuwa yana cikin hanyoyinsa. Cikin 1975 aka soma babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Taki da sabon irin masara da feshin auduga duk abubuwa ne masu lokaci. Manomin da ƙara ta cinye masa sanarwa zai iya yin asarar da ba ta gyaruwa sai baɗi.

Ita walƙiya ba mai ɗaure ta, sai dai a toshe mata hanya. Edwin Armstrong na Amurka ya yi haka cikin 1933, da ya ƙago FM. A tsohuwar hanya, magana tana cikin ƙarfin igiya ne, inda ƙara ke shiga. Shi kuwa ya sa ta cikin saurin kaɗawar igiyar, akwati ya aske abin da ya hau kan ƙarfin ya zubar. Amma FM ba ya cin dogon zango, sabo da haka na nesa da gari bai rabu da matsakaici da gajeren zango ba.

Zamanin Injuna

Cikin 1968 aka gama madatsar Kainji, cikin 1972 aka kafa hukumar lantarki ta NEPA. Babbar waya mai bolt 132,000 ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta wuce Gusau. Cikin 1978 aka kafa masaƙar Funtuwa. Babura suka yawaita, injunan ban ruwa masu shan fetur suka shiga fadamu, masu walda suka buɗe rumfuna, janareta kuma ya zama abokin kowane mai shago. Kowane ɗayansu da tartsatsinsa. Har turakun lantarki su kan yi tasu ƙarar, in ƙurar hunturu ta lulluɓe tangaran da ke riƙe da waya sa'an nan raɓa ta sauka a kai, ko in wani ƙarfe ya yi sako-sako.

Labarin fulogi ya isa misali. A cikin injin fetur, fulogi na yin tartsatsi sau dubbai cikin minti guda, wayar da ke kai masa wuta kuma ta zama eriya. Da talabijin ya bazu a Ingila, kowace mota ta wuce sai fararen ɗigo su cika fuskar akwati. Cikin 1952 aka yi doka a can, aka wajabta sa maganin ƙara a sababbin motoci. Maganin ɗan abu ne ƙanƙane mai rage gudun wuta, a kan sa shi cikin hular fulogi, ƙarfinsa kamar om 5,000. Ba ya hana injin tashi, amma ya kan dakushe kaifin tartsatsin.

To, a nan ne halin wannan sha'ani ya ke bayyana. In hular ta lalace, aka sa wadda ba ta da abin nan, ko aka ɗaura wayar kai tsaye, babur zai yi gudunsa lafiya lau. Mai shi bai rasa kome ba, bai ma san an yi ba. Wanda ya rasa shi ne tsohon da ke zaune a zaure yana sauraron labarai. Maganin katsalandan galibi ba mai na'ura ya ke amfana ba, maƙwabcinsa ne. Shi ya sa ba inda aka bar shi ga ganin damar maƙera, sai da doka ta shiga.

Ƙananan Na'urori

Kwamfuta ba ta tartsatsin da ido ke gani, amma aikinta duka kunna wuta ne da kashewa, sau miliyoyi cikin sakan guda, kowace kunnawa kuwa dutse ne a kududdufi. Cikin 1979 hukumar sadarwa ta Amurka ta sa wa kwamfutoci iyakar ƙara. Ran 4 ga Mayu, 1982, cikin yaƙin Ingila da Ajantina, makami mai linzami ya sami jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Sheffield, mutum 20 suka mutu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, a daidai lokacin jirgin na aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, ƙarfin saƙon nasa ya toshe kunnen na'urarsa mai sauraron abokan gaba. Cikin 1989 ƙasashen Turai suka yi doka ɗaya a kan jituwar na'urori, ta zama tilas daga farkon 1996. Dokar ta ɗora wa maƙeri abu biyu, kada na'urarsa ta yi ƙarar da ta wuce iyaka, kada kuma ta rikice da ƙarar da a ke sa ran za ta tarar. Haruffan CE da a ke gani a jikin kaya alama ce ta cewa maƙerin ya ɗauki alkawarin ya cika irin waɗannan dokoki.

Cikin Agusta 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, ba da daɗewa ba kuma mutane suka koyi wata sabuwar ƙara. Ana tsakiyar taro ko wa'azi sai lasifika ta yi dit-dirit dit-dirit, a san wayar wani na shirin kukawa. Dalili shi ne, waya takwas ke karɓa-karɓa a kan zango ɗaya, kowace ta yi magana a nata ɗan lokaci ta yi shiru, kamar sau 217 cikin sakan. Wayar makirufo ta kamo wannan bugu, amfilifaya ta ɗauka magana ce ta ƙara masa ƙarfi. Wayar ba ta karya doka ba, amfilifayar ce mai sakin kunne.

Shuuu ɗin nan na uku kuwa daga caja ya ke, da ƙwan LED, da inbatar wutar sola. Tsohuwar taransifoma nauyi gare ta, ga cin tagulla. Don a rage nauyi da kuɗi, sai aka koma ga daddatsa wuta sau dubu hamsin ko dubu ɗari ko fiye cikin sakan. Datsawar nan tana haifar da 'ya'ya a zangunan da ke sama da ita, ninki biyu, ninki uku, har su kai inda gidajen rediyo su ke. Ƙarar ta bi wayar gida, wayar gidan ta zama eriya, ta kai ta har maƙwabta.

Dabarun Maƙeri

Maƙerin da ya san aikinsa da dabara huɗu ya ke fuskantar wannan. Ta fari ita ce rariya. A bakin da wuta ke shiga na'ura a kan sa kwandansa da naɗin waya. Wutar gari mai kaɗawa 50 cikin sakan ta wuce, ƙara mai saurin kaɗawa a tare ta. Ƙullutun nan da a ke gani kusa da ƙarshen waɗansu wayoyin kwamfuta ɗan'uwan rariya ne, zobe ne na wani baƙin abu mai kama da tangaran, yana shanye ƙara ya mai da ita ɗan zafi.

Ta biyu ita ce sulke. Cikin 1836 Michael Faraday ya gina ɗaki a Landan ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shiga ciki, aka yi ta sakar wa bayan ɗakin wuta, ba abin da ya ji. Don haka ne a ke rufe sassan wayar salula da 'yan gwangwanaye, a ke kuma saƙa wa wayar eriya da ta makirufo rigar tagulla. Amma sulke da ɓaraka ba sulke ba ne, doguwar tsaga ɗaya ta isa ta zubar da ƙara.

Ta uku ita ce shimfiɗa, watau yadda a ke jera sassa a kan allon na'ura. Wuta kullum sai ta koma inda ta fito. In hanyar tafiya da ta komowa sun yi nesa da juna, sun zama zoben Hertz ke nan. Sabo da haka a kan matso da su kusa, a gajarta su, a shimfiɗa faffaɗan tagulla a ƙarƙashi don wuta ta sami hanyar komowa, a kuma raba sashe mai hayaniya da sashe mai saurare, kamar yadda ba a gina makaranta jikin maƙera. Ta huɗu ita ce sassautawa, a sa kunnawa da kashewa su zo da ɗan lanƙwasa, kada su yi kaifin da ya wuce bukata.

In an gama, sai a kai na'urar ɗakin awo mai bangon ƙarfe. A auna ƙarar da ke bin waya daga kilohaz 150 zuwa 30,000, a auna mai bin iska daga nan zuwa sama, da eriya a nisan mita 3 ko 10. Sa'an nan a juya, a yi mata feshin igiyar rediyo, a ɗana mata irin tartsatsin da ke fita daga yatsa da hunturu, a ga ko za ta rikice. Maƙera sun daɗe da sanin cewa gyaran da a ke yi a kan takarda kusan kyauta ne, wanda a ke yi bayan an ƙera dubbai kuwa tsada gare shi, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Tun ran gini, tun ran zane.

Doka da Kasuwa

Nijeriya ta yi dokar wayar iska cikin 1961. Cikin 1971 aka kafa hukumar kula da ingancin kaya, wadda a ke kira SON, cikin 2005 kuma ta soma shirin binciken kayan waje tun kafin a yi lodinsu. Hukumar sadarwa ta NCC, wadda aka kafa cikin 1992 aka sabunta dokarta cikin 2003, ita ke ba da izni ga kowane irin kayan sadarwa kafin a sayar, ta kuma yi gargaɗi a kan na'urorin ƙara ƙarfin sabis da mutane ke kafawa ba izni, gama wanda ya gyara nasa da su ya kan ɓata na unguwa.

Amma doka a takarda ta ke, kaya kuwa a kasuwa. Rariyar da ke cikin caja 'yan sassa ne biyu ko uku, in an cire su caja za ta yi aiki, farashi ya sauka. Masu gyara su kan buɗe mai arha su tarar da gurbin sassan a jikin allo, an zana wurinsu, ba a sa su ba. Haruffan da ke jikin kwali kuwa kowane mai injin ɗab'i na iya bugawa. Arha dai ba ta ado. Duk da haka, mai ƙaramin akwatin rediyo yana riƙe da ma'auni a hannunsa. In ya murɗa shi zuwa matsakaicin zango, inda ba tasha, ya kusantar da shi ga caja ko ƙwan da ke kunne, zai ji bambanci da kunnensa. Mai kyau sai an matso ƙwarai a ke jin ta, marar kyau kuwa tun daga bakin ƙofa.

Wani zai ce zamanin gajeren zango ya wuce, tun da labari ya koma cikin waya. Abin da ya faru cikin Satumba 2021 ya isa amsa. Sabo da ta'adin 'yan bindiga, aka rufe layukan salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Waya ta zama tocila da agogo. Igiyar rediyo kuwa ba ta tsaya ba, tana ratsa dazuzzuka da gonaki kamar yadda ta saba, mai batir biyu da sararin da ba hayaniya ya ji abin da duniya ke ciki.

Ba kuwa rediyo kaɗai abin ya shafa ba. Na'urar auna bugun zuciya a asibiti tana sauraron wutar da ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na bolt ba, sikelin lantarki na kasuwar hatsi ma ɗan ƙanƙanen motsi ya ke aunawa. Shirun sarari dukiya ce ta gari duka, kamar rijiya da burtali, ba wanda ya saya, kowa kuwa na iya ɓata ta. Tsare ta ya rataya a kan maƙerin da ya zana allon, da ɗan kasuwar da ya yi odar kaya, da ma'aikacin da ya duba su a tashar jiragen ruwa, har da bakaniken bakin tasha wanda ya mayar wa fulogi da hularsa ta ainihi.